Yadda muka yi jinyar idon kyanwar Hajiya

A gidanmu da ke Zariya akwai wata kyanwa mai launin toka, kuma da launin nata muke kiranta, wato Toka. Mahaifiyata ce ta tsince ta tana 'yar mitsitsiya a bayan rumbun maƙwabta, idanunta biyu a liƙe da kwantsa, tana ta atishawa, ta riƙa goge mata su da ruwan ɗumi har suka buɗe, ta raine ta da madara a murfin kwano. Tun daga lokacin kyanwar ba ta da wurin kwana sai gefen sallayar Hajiya, kuma tun da ta girma ɓera bai sake yi mana ɓarna a ɗakin ajiyar hatsi ba. Murar nan da ta yi tana ƙarama, wadda dukkanmu muka manta da ita, ita ce ta dawo bayan shekara 3 ta kusa raba ta da idonta na hagu, kuma da hannuna na taimaka mata.

A watan Disamba na shekarar 2023 muka aurar da ƙanwata, gida ya cika maƙil da 'yan biki har tsawon mako guda, ga kiɗan ƙwarya, ga yara suna guje-guje, ga baƙi suna kwana a kowane ɗaki har da na Hajiya. Toka ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa, ba ta neman abinci sai dare ya raba. Kwana 3 bayan an watse sai na lura idonta na hagu yana zubar da hawaye, tana kanne shi, tana kuma yin atishawa jefi-jefi. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari, ƙura tana shiga ko'ina, kuma mutum biyu cikin baƙin da suka zo sun taho da jan ido, don haka kowa a gidan ya ce ai Afolo ce ta kama ta, ciwon nan da ya samo sunansa daga kumbon Apollo 11, saboda a shekarar 1969 da Amurkawa suka sauka a duniyar wata ne annobarsa ta ɓarke a Ghana. Ni ma haka na ɗauka, ban kuma ga dalilin zuwa asibiti a kan abin da nake zaton zai wuce da kansa ba.

A daminar wannan shekarar an yi wa mahaifiyata aikin cire yanar ido, aka sallame ta da magungunan ɗigawa, kuma akwai wata 'yar kwalba da ta rage a cikin adakarta. Ita ce ta ɗauko ta ta miƙo mini, ta ce, "Duba wannan ka gani, shi ne ya kwantar mini da ja da raɗaɗi bayan aiki, ko zai yi wa baiwar Allah nan amfani." Na karɓa na karanta abin da ke jikin kwalbar, na ga an rubuta deksametason tare da niyomaisin da folimiksin, na ga kuma ranar lalacewarsa ba ta zo ba, sai na yanke cewa abin da ya warkar da idon mutum ba zai cutar da idon dabba ba. Ni ne mai karatun boko a wurin, ni aka tambaya, ni kuma na amince, saboda haka nauyin abin da ya biyo baya a wuyana yake, ba a wuyan dattijuwar da tausayi ya motsa ta ba. Muka riƙa ɗiga mata sau 3 a rana, kuma cikin kwana biyu jan ya ragu, kumburin fatar idon ya sace, har ta fara buɗe shi, muka yi ta hamdala muna ganin an dace.

A rana ta 6 da fara ɗigawar na tashi na tarar da idon a rufe ruf, kwantsa mai kauri ruwan ɗorawa tana gangarowa gefen hanci. Da na buɗe fatar a hankali sai na ga gaban idon ya yi fari-fari kamar madarar da aka sirka da ruwa, wani farin tantani kuma ya taso daga kusurwar da ke kusa da hanci ya rufe kusan rabinsa. Ta ƙi cin komai, har kifin da ba ta taɓa juya wa baya ba, kuma tana ta kai ƙafa tana son sosa wurin. Maƙwabta suka kawo shawarwari, wannan ta ce a sa mata tozali, waccan ta ce ruwan sukari, wani mai kiwon kaji ya aiko da sauran maganin da yake zuba wa kajinsa a ruwa. Hajiya ce ta katse maganar, ta ce a kai ta wurin masu ilimin abin. Na huda wani kwali, na shimfiɗa tsohon zane a ciki, na ɗauke ta a keke napep zuwa wani asibitin dabbobi mai zaman kansa.

Likitar da na tarar mace ce, wadda ta yi karatunta a tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, kuma kafin ta taɓa kyanwar sai da ta zaunar da ni ta yi mini tambayoyi masu yawa. Ta tambayi shekarun Toka, da ko an taɓa yi mata rigakafi, da ko ta taɓa yin mura tana ƙarama, da kuma ko wani abu ya sauya a gidan a 'yan kwanakin nan. Da na ba ta labarin yadda aka tsince ta da kuma hidimar bikin sai ta gyaɗa kai, sannan ta ce, "Malam, me kuka sa mata a idon?" Allah ya sa na taho da kwalbar a aljihu. Ta juya ta ta karanta, ta tambayi kwana nawa muka yi muna ɗigawa da lokacin da aka fara buɗe ta. Ba ta yi mini faɗa ba, amma ta gaya mini a fili cewa kwalbar maganin ido idan aka buɗe ta ba a wuce kwana 28 ana amfani da ita, komai nisan ranar da aka buga a jikinta, domin bakinta yana ɗaukar ƙwayoyin cuta, tamu kuwa ta yi kusan wata 5 a buɗe. Ta ce wannan ma ƙaramar matsalar ce, babbar tana cikin sunan farko da na karanta.

Ta ɗora kyanwar a kan sikeli, nauyinta ya zo kilo 2 da rabi, sannan mataimakinta ya naɗe ta da tawul ya bar kai kaɗai a waje. Ta rufe taga ta kashe fitila, ta haska idanun ɗaya bayan ɗaya da 'yar tocila. Akwai gwajin hawaye da ake yi da siririyar takarda mai awo, wadda ake saƙalawa a fatar ido ta ƙasa na minti 1, akwai kuma awon ƙarfin ruwan cikin ido da ake gane hawan jinin ido da shi, amma ta ce ba za ta yi ko ɗaya a idon hagu ba, domin ido mai rauni irin wannan ba a matsa masa. Sai ta ɗauko wata 'yar takarda mai launin ruwan lemo a bakinta, ta jiƙa ta da ruwan gishiri na asibiti, ta bar ɗigon ya faɗa cikin kowane ido, ta wanke, sannan ta kunna shuɗiyar fitila. Sunan rinin fuloresin. Gaban ido, inda muke hango baƙin ido ta cikinsa, wani tantani ne garau kamar gilashi wanda likitoci ke kira koniya, kaurinsa bai kai milimita 1 ba, kuma a samansa akwai wata siririyar fata da rinin ba ya kamawa, sai ya zame ya wuce. Duk inda fatar ta saluɓe kuwa, naman da ke ƙarƙashinta yakan sha rinin ya yi kore shar a cikin shuɗin hasken. Ta ce in matso in gani da idona. A idon hagu na ga tabo kore mai faɗin ƙwayar wake, tsakiyarsa a lotse, gefunansa sun yi laushi kamar kitsen da ya fara narkewa. A idon dama, wanda muke ganin lafiyarsa ƙalau, na ga wasu siraran layuka masu rassa kamar jijiyoyin ganye. Gwajin gaba ɗaya bai ci minti 2 ba.

Waɗannan layuka masu rassa, in ji ta, alama ce da likitan dabbobi ba ya shakka a kanta, ta wata ƙwayar cutar bairos da ake kira hafis ta kyanwa, wadda ke kan gaba wajen jawo wa kyanwoyi mura da ciwon ido. Yawancinsu suna kamuwa tun suna ƙanana, sau da yawa daga uwa, kuma bayan murar ta wuce ƙwayar ba ta barin jiki, sai ta koma ta kwanta a cikin jijiyar da ke kai saƙo daga fuska zuwa ƙwaƙwalwa, ta zauna shiru har ƙarshen rayuwar dabbar. Kimanin kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka kamu haka suke zama da ita. Idan kyanwa ta shiga firgici ko takura, kamar sauyin gida ko haihuwa ko cunkoson baƙi irin na bikinmu, sai ƙwayar ta farka ta biyo jijiyar ta dawo ido, ta fara cin fatar koniya. Ba ta kama mutum, kamar yadda Afolon mutane ba ta kama kyanwa. Abu na biyu da ke tayar da ita shi ne magungunan sitiroyid, dangin deksametason.

A nan na fahimci girman abin da na yi. Deksametason magani ne mai kyau, kuma aikinsa shi ne danne kumburi ta hanyar kwantar da garkuwar jiki a wurin da aka sa shi. A idon Hajiya bayan aiki, inda likita ya duba ya san halin da idon yake ciki, wannan shi ne ainihin abin da ake bukata. A idon da ke da gyambo kuwa, yana hana sabuwar fata rufe wurin, yana ɗaure hannun ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta, sannan yana ƙara ƙarfi ga wasu sinadarai masu narkar da nama, waɗanda bakteriya da ƙwayoyin mugunya ke fitarwa. Saukar jan da muka yi wa murna ba sauƙi ba ne, maganin ne ya rufe alamar ciwon, shi kuwa ciwon yana ci ta ciki kamar gara a jikin azara. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jan ido iri ɗaya ne a wurin mai kallo, na ƙura da na ƙaiƙayi da na gyambo da na hawan jinin ido duk ja ne, amma maganin wani dafi ne ga wani, kuma abin da ke raba mai gyambo da marar gyambo 'yar takarda ce da ba ta kai tsawon yatsa ba. Likitar ta ƙara da cewa ƙa'idar ɗaya ce a idon ɗan'adam, kuma ta roƙe ni kada a sake miƙa wa kowa a gidan ragowar maganin idon wani.

Ta shafo gefen gyambon a hankali da ɗan tsinke mai auduga, ta duba a madubin likita, ta ga bakteriya da ƙwayoyin mugunya birjik. Ta ce gyambon ya ci kusan rabin kaurin koniyar kuma ya fara narkewa, irinsa kuwa yana iya huda ido cikin kwana ɗaya ko biyu. Ta nuna mini alamun da zan riƙa dubawa: idan tsakiyar ramin ta koma baƙa garau, to saura tantani na ƙarshe ke nan, idan kuma ruwa ya zubo kwatsam kyanwar ta yi ƙara, kada in jira gari ya waye. In ta kai ga haka sai dai tiyata a asibitin koyarwa na dabbobi na jami'a, inda ake yanko ɗan jan tantanin gefen ido a ɗinke shi a kan ramin kamar faci, ko a cire idon gaba ɗaya idan ya lalace. Ta ce, "Amma Malam, in za ku iya tsayawa a kan lokaci, ina sa ran magani zai riƙe shi. Kwana biyun farko su ne masu wuya, kuma a gida za a yi su, ba a nan ba."

Maganin farko shi ne ofloksasin na ɗigawa mai ƙarfin kashi 0.3 cikin 100, domin kashe bakteriyar, ɗigo ɗaya duk bayan sa'a 2, dare da rana. Na tambaye ta abin da zai hana a yi allura a huta, sai ta bayyana mini cewa lafiyayyar koniya ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, shi ya sa ma take garau, don haka maganin da ya bi jini ba ya isa gare ta sosai, sai wanda aka ɗiga kai tsaye, shi kuma hawaye da ƙiftawa suna wanke shi cikin 'yan mintuna, dole a yi ta maimaitawa. Ɗigo biyu ko uku a lokaci guda ba ya ƙara komai, domin idon ba ya riƙe fiye da ɗaya, sauran asara ce a kan kunci. Magani na biyu ne ya ba ni mamaki, domin ba a kemis ake samunsa ba. Ruwan jini ne, wato ruwan nan mai launin rawaya da ke tasowa sama idan jini ya daskare aka juya shi a inji, kuma yana ɗauke da sinadaran da ke toshe aikin masu narkar da koniya. Akan ɗebi na dabbar kanta, amma ta ce riƙe wuyan Toka don ɗibar jini yana iya matsa wa idon har ya fashe, ga ta ƙarama ba ta cin abinci, na wata dabba kuma yana yin aikin. Zariya gari ne na dawaki, kuma tana duba wasu daga cikinsu, don haka ta ce in dawo da la'asar, na dawo na tarar ta ɗebo daga wani lafiyayyen doki ta zuba a 'yan kwalabe masu tsabta, da sharaɗin su zauna a sanyi kuma kada kwalba ta wuce mako guda.

Kafin in tafi sai da ta koya mini ɗigawar, ta kuma sa na yi a gabanta. Ana naɗe kyanwa da zane a zaunar da ita bayanta yana jingine da cikin mai riƙo, a ɗaga haɓarta da hannu ɗaya, a kawo kwalbar ta bayan kai inda ba ta ganin zuwanta, a ja fatar ido ta sama da gefen hannu a kan ƙashin goshi ba a kan ƙwayar idon ba, sannan a saki ɗigon daga sama ba tare da bakin kwalbar ya taɓa ido ko gashi ba. Tsakanin magani da magani sai an bar minti 5, in ba haka ba na biyu zai wanke na farko, kuma na ruwa ne ke fara shiga, na shafawa ya zo ƙarshe, domin maiƙonsa yana hana na ruwa ratsawa. Daga nan ta yanka wani tsohon fim na hoton ƙashi ta naɗe shi kamar mazurari, ta ɗaura wa Toka a wuya da bandeji, ta ce ko minti ɗaya kada a cire shi, domin karta ɗaya ta farce ta isa ta ƙarasa abin da ya rage.

'Yata ta fari ta ja layuka a bayan wata tsohuwar kalanda, ta rubuta sa'o'i a gefe da sunayen magunguna a sama, muka liƙa a ƙofar ɗakin Hajiya, duk wanda ya ɗiga sai ya sa alama. Muka raba dare, ni daga bayan Isha zuwa ƙarfe 2, mai ɗakina daga nan zuwa Asuba, Hajiya kuwa, da ba ta ganin bakin kwalba sosai, ita ce mai riƙo a kowane zagaye, domin a cinyarta kaɗai Toka take sakin jiki. Kowane zagaye yana cin kusan minti 20, daga goge kwantsa da auduga da dafaffen ruwa mai ɗumi, zuwa ofloksasin, zuwa jira, zuwa ruwan jini, zuwa wani jiran, kuma kafin mutum ya koma cikin bargo barci ya ɗauke shi agogo ya sake bugawa. Wutar lantarki ba ta tsayawa, firiji ba abin dogaro ba ne, sai muka riƙa sayen ƙanƙara safe da yamma muna zubawa a kula, kwalbar ruwan jinin a naɗe cikin leda a gefe. Da yake hancinta a toshe yake, kyanwa kuma ba ta cin abin da ba ta ji ƙanshinsa ba, sai muka riƙa ɗumama mata kifin gwangwani, ta fara lasa a rana ta biyu, daga nan ne ma muka samu damar fara ba ta meloksikam, maganin raɗaɗin da likita ta ce ba a ba dabbar da ba ta ci ba ta sha, saboda ƙoda. Wata maƙwabciya da ta ga fitilarmu a kunne tsakar dare ta ce duk wannan wahala a kan kyanwa, sai Hajiya ta tuna mata hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba.

Atrofin ne ya tayar mana da hankali. Likita ta ce gyambon koniya yana sa naman cikin ido ya riƙa murɗawa, wanda shi ne babban tushen raɗaɗin, atrofin kuwa yana sassauta shi ya buɗe ɗan baƙin tsakiyar ido, kuma sau ɗaya za a sa a rana har kwana 3. Ta gargaɗe ni a kan ɗacinsa, amma cikin tarin bayanan ranar maganar ta shige mini. A daren farko, jim kaɗan bayan na sa mata, sai ga kumfa a bakinta, yawu yana dalala har ƙirji, tana girgiza kai. Hajiya ta yi salati ta ce a janye yara, domin abin da ya faɗo wa kowa a rai shi ne ciwon haukan kare. Na kira likita wajen ƙarfe 10 na dare, na ce, "Likita, ki yi haƙuri da kiran dare," na faɗa mata abin da nake gani. Ta ce, "Ba komai Malam, kwantar da hankalinka, ɗaci ne kawai." Akwai 'yar hanya daga kusurwar ido zuwa hanci, ta nan maganin ya gangara zuwa baki, kyanwa kuwa ba ta jure ɗaci ko kaɗan, sai na tuna a asibiti na ga koren rinin ya ɓullo a ƙofar hancinta. Ta ce shi ya sa ta zaɓi na shafawa a kan na ruwa, in kuma rage abin da nake matsowa ya koma kamar rabin ƙwayar shinkafa, in ajiye ta a ɗaki mai duhu-duhu domin idon da aka buɗe haka haske yana damunsa. Kafin mu gama magana kumfar ta fara tsayawa.

Cikin na sha akwai doksisaiklin, saboda wata bakteriya mai suna kilamidiya da ke yawan haɗuwa da hafis a idon kyanwa, kuma shi ma yana rage narkewar koniya. Ma'auninsa miligiram 10 ga kowane kilo sau ɗaya a rana, wato rubu'in ƙwaya mai miligiram 100 ga Toka, har kwana 28 ba fashi. Sharaɗin da ta nanata shi ne kada a ba ta shi a bushe, domin yakan maƙale a hanyar abincin kyanwa ya ƙone wurin, in ya warke ya tsuke har abinci ya kasa wucewa, don haka bayan kowane rubu'i sai in bi shi da ruwa mililita 6 a sirinji marar allura ta gefen baki. Na nuna mata maganin kajin da aka aiko mana, ta ce enrofloksasin ne, kuma idan ya wuce miligiram 5 ga kowane kilo a rana yana iya lalata tantanin bayan ido mai karɓar haske, kyanwa ta makance cikin kwanaki, sau da yawa ba ta sake gani. Farasitamol kuwa, wanda babu gidan da babu shi, ƙwaya ɗaya ta manya tana iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi.

Maganin bairos ɗin ne ya yi wuyar samu. Ta rubuta famsiklobir, miligiram 90 ga kowane kilo sau biyu a rana, ma'aunin da binciken likitocin dabbobi na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka ya nuna shi ne ke isa hawayen kyanwa, wanda ga Toka ya kama kusan ƙwaya ɗaya mai miligiram 250. Na zaga kemis-kemis na gari ban samu ba. A wani shago mai sayarwar ya fito mini da balasiklobir, ya ce ɗan'uwansa ne, aikinsu ɗaya. A wurin mutane maganarsa tana da tushe, amma wannan karon ban karɓa ba sai da na kira likita a gabansa. Ta ce kada in kuskura, domin wannan ɗin yana lalata ɓargo da hanta da ƙodar kyanwa har ya kashe ta, asiklobir ma da ake samu ko'ina ba ya yi wa hafis ta kyanwa wani aikin kirki. Sai a kwana na 3 wani ɗan'uwana ya samo shi a wani babban kantin magani a Kano ya ba direban mota ya kawo mana.

Da muka koma bayan kwana biyu, likita ta sake sa rinin, ta ce ramin bai ƙara zurfi ba kuma gefunansa sun fara tauri, ta mayar da ɗigawar duk bayan sa'a 4, a ranar ne muka fara yin barcin kirki. A kwana na 8 kuma gabana ya sake faɗuwa, domin na ga wasu jajayen zare sun taso daga gefen farin ido suna nufar gyambon, idon ya fi da ja. Na garzaya da ita ina ganin ciwon ne ya dawo, sai likita ta yi murmushi ta ce wannan shi ne abin da take jira. Jijiyoyin jini ne jiki ya turo cikin koniya don su cike ramin, suna tafiya kamar milimita 1 a rana, kuma in sun gama aikinsu za su janye da kansu. Na yi ta tunanin yadda saukar ja ta yaudare ni a farko, ƙaruwarsa kuma ta firgita ni a lokacin da sauƙi ya zo.

Layukan idon dama sun ɓace cikin mako guda da fara famsiklobir. A kwana na 17 idon hagu ya ƙi kama rini ko kaɗan, aka dakatar da ruwan jini, aka ci gaba da ofloksasin na 'yan kwanaki, sannan aka cire mazurarin wuya, Toka ta yini tana lasar jikinta. Doksisaiklin ne muka ci gaba da shi har ya cika kwana 28, kuma kwanakin ƙarshen sun fi wuyar kiyayewa, domin kyanwar ta warke a ido, ta samu ƙarfin gudu da karta, ni ma zuciyata tana raya mini cewa ya isa haka, amma likita ta ce kilamidiya takan dawo idan aka yanke maganin a hanya. A wurin gyambon wani farin tabo ya rage. Na tambaye ta ko akwai abin da zai goge shi, ta ce a idon kare wani lokaci akan ba da sitiroyid bayan an tabbatar fata ta rufe, amma ga kyanwar da ke ɗauke da hafis ba za ta yi kasadar tayar da abin da ya kwanta ba, tabon zai ragu da kansa gwargwadon abin da Allah ya nufa.

Bayan ta murmure aka yi mata allurar rigakafi mai haɗe da cututtuka uku, wadda hafis ke cikinsu, duk da likita ta bayyana mini cewa ba ta fitar da ƙwayar da ta riga ta zauna a jiki, an yi ta ne musamman saboda sauran biyun, aka kuma yi mata ta haukan kare. Ta gaya mini in sa rai ciwon zai riƙa leƙowa lokaci zuwa lokaci, kuma haka aka yi, domin da Toka ta haihu bayan wasu watanni idon dama ya fara hawaye. Hajiya ce ta fara gani da safe, ta aiko a kira ni, ta ce, "Ɗauke ta yanzu a je a sa mata koren nan kafin a taɓa komai." Rinin ya nuna ɗan siririn layi guda ɗaya, likita ta zaɓi maganin ɗigawa kaɗai saboda tana shayarwa, kuma cikin mako guda ya rufe. Tabon idon hagu yana nan har yanzu, ya koma kamar ƙwayar gero, ba a ganinsa sai hasken safiya ya bugi fuskarta a ƙofar ɗakin Hajiya, kuma idan abu ya gifta ta wannan gefen takan ɗan karkata kai kafin ta bi shi.